Muryar Inna a Wuyana

…kuma ko gyaran muryar ba irin ta mutane yake yi ba. Sau biyu. Ta farko gajera, ta biyun sai ya ja ta kamar mai jan guga a rijiyar rani. Ehem. Ehhhem. Alhaji Kalilu dillali ke nan, Inna, yana zaurenmu tun hantsi. Ya gaida Baba, ya gaida gida, ya gaida gajiya, ya tambayi lafiyar akuyar da muka yanka tun bara. Bai dai ce fadama ba tukuna. Zai faɗa. Dillali ba ya baro kasuwar Jega ranar da take ci don kawai ya sha ruwan randarmu.

Ni ga ni bayan katanga, kan tabarma. Inuwar dogon yaro tana zamewa daga kaina, ba ni da ƙarfin bin ta. Ina jin su sarai. Da a da ne… da tuni na kwaikwaye shi. Ehem, ehhhem, "Malam Arzika, ai ni da kai ɗiyan gida ɗaya muke" — da hancin nan nasa, da 'yar shaƙewar da goro ya bar masa — sai Baba ya waiwaya yana neman Kalilu na biyu a tsakar gida. Yana nan a maƙogwarona, a shirye. Duk suna nan. Mai tallan kifi, ladanin masallacin unguwa, Gwaggo Zulaiha in tana faɗa da jikokinta, matar da ke sanarwa a rediyo. Wa zai ce wuya ɗaya siriri haka zai ɗauki rabin gari?

Ƙishirwa kuma. Yanzu fa na sha. Kofin nan ko bushewa bai yi ba. Sha, fitsari, sha, fitsari — randa ce ni mai ɓuli a gindi.

Tsaya in yi miki likitar, ba ki san ta ba. Dakta Raihanatu. Bakanuwa ce, maganarta da sauri kamar ana zuba gero a kwano, kuma da bayan hannu take tura tabarau. Kalli. Haka. "Kin gane ko? Wasu 'yan ƙwayoyi ne guda huɗu a bayan maƙogwaronki, biyu dama, biyu hagu, kowacce ba ta fi ƙwayar shinkafa ba. Aikinsu su ce wa ƙashi, sam wa jini ɗan sinadari. In ya isa su yi shiru. To ke ɗaya a cikin naki ta kumbura, ta ƙi yin shiru. Dare da rana tana cewa ƙara, ƙara. Ƙashinki yana narkewa cikin jininki, ƙodarki tana tara tsakuwa. Kin gane ko?"

Na gane. Ɗaya ta ƙi yin shiru. To ai tawa ce, ina za ta koyo shiru? Sai da na yi dariya a gabanta, haƙarƙarina ya amsa.

Ƙwayar shinkafa, Inna. Abin da kaza za ta tsince ba ta ma san ta ci ba…

Sun koma maganar damina yanzu. Kalilu yana yaba ƙasar Dangamaji, wai ko ƙusa ka shuka a fadamar can sai ta yi kai. Kin ji? Ya matso. Mai son saye ba ya yabo, wannan yabon na kwantar da zuciyar mai sayarwa ne, kamar yadda ake shafa bayan rago.

Shekara guda ina tafiya kamar Iya, suna dariya. Kin san yadda nake yin ta — uwarki, can Maiyama, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya a gwiwa, "wash, wash, ƙasa ta kira, Zulai kama ni." Ke ma kin sha jifata da muciya a kan haka, kina ɓoye bakinki da zani. To da nawa ƙugun ya fara, na tashi daga murhu na ce wash… sai gidan ya fashe da dariya. Gwaggo Zulaiha har da tafa hannu. "Wagga ɗiya ba ta jin tsoron Allah, tsohuwa na kabari ba ki bar ta ba!" Na ce Gwaggo da gaske nake. "Awo, haka taka cewa! Haka taka cewa wallahi, ƙara yi!" Sai na ƙara. Me zan yi? An taru, ana jira. Na bi bango ina ɗingishi na gaske, suna riƙe ciki. A bikin Fa'iza har kuɗi aka liƙa mini a goshi, ni kuwa ƙafata ce ta ƙi ɗauka.

Laifin wa? Wanda ya saba ganin ka da fuskar aro, ranar da ka fito da taka…

Sai da hannu ya karye. Bokiti fa. Bokitin ruwa, ko cika bai yi ba. Ƙas, kamar an karya kara. Yaya Waliyyu ya goya ni a babur zuwa Aliero, wurin Yari mai ɗori, kowane rami a hanyar sai na kira sunanki. Yari ya ja, ya jera, ya shafa man shanu, ya ɗaure da kara, ya yi tofi. Ya kama kuwa. Kafin in gama murna sai ɗayan ya bi, ina juyi kan gado. Muka koma. Tsohon ya daɗe yana latsa damtsena, sannan ya dubi Yaya: "Ƙashin ga gara ta ci shi daga ciki. Ni waje nika ɗorawa. Ku tai asibiti." Shi ma ina da shi. Da ƙasa-ƙasa yake magana, kamar mai tsoron kada ƙashi ya ji.

Ina nake? Hoton. Ai saboda hoton Kalilu yake zaurenmu.

Mantuwa ma tana cikin ciwon, in ji likita. Sai in ɗauko magana ta zube a hanya.

An yi na farko a Birnin Kebbi. Na kwanta, aka sa mini matashi a ƙarƙashin kafaɗa, wuya ya miƙe kamar na kazar da za a yanka, aka shafa wani abu mai sanyi mai yauƙi. Mai hoton yana goga wani ƙaramin abu a wuyana, yana kallon talabijin ɗinsa, ba ya kallona. "Haɗiye yawu. Ƙara. Juya." Ni ma na saci kallo — toka-toka, baƙi-baƙi, kamar hadari ya taso bai yi ruwa ba. Wai wuyana ke nan. Ina Gwaggo a ciki? Ina ladan? Ina ke? Ya daɗe, ya daɗe, sannan ya goge hannunsa. "Ban gan ta ba."

Na ɗauka na warke. Wallahi har na fara shirya yadda zan yi shi a gida, "haɗiye yawu, ƙara." Sai likita ta tura tabarau. "A'a. Jini ya riga ya gaya mana akwai ɓarawo a gidan nan, wannan ba shakka. Hoto ba shi zai ce kina da ciwo ba. Hoto ɗaki kawai yake nunawa, wane ɗaki ɓarawon ya shiga. Wannan bai nuna ba. Ta ɓuya. Aikin tiyata dai sai an yi, da hoto ko ba hoto."

Akwai wani hoton. Kullum akwai wani. Shi allura ake yi maka, da wani sinadari a ciki, ƙwayar nan mai haɗama ta zuƙe shi fiye da 'yan'uwanta, sai ta haska. Ta tona kanta. Amma sai Abuja ko Ibadan. Kuma sinadarin ba nan ake yin sa ba, jirgi ke kawo shi, ba ya ajiyuwa, ɗanyen nono ya fi shi haƙuri. Kana iya zuwa a ce bai iso ba, zauna. A gidan wa? Kana iya zuwa ya iso, a yi maka, ta ƙi haskawa — ka dawo da hadarin nan dai a cikin ambulan, ba ruwa. Ta faɗa. Ba ta ɓoye ba, shi ya sa nake jin haushinta. Da ma maƙaryaciya ce.

In ta haska: ɗan tsagi a gefe ɗaya, kamar gaɓar yatsa. A shiga ɗaki ɗaya, a kamo ta, a rufe. In ba hoto: a buɗe dama, a buɗe hagu, a bi huɗun ɗaya bayan ɗaya, a ga wadda ta kumbura. "Haka ake yi tun kafin a ƙirƙiro hoton, kuma mutane suna warkewa sumul. Na yi, zan iya."

To me ya rage? Ba ga shi nan ba? Ta iya.

Zaren, Inna. Zare biyu. Ɗaya a dama, ɗaya a hagu, sirara kamar gashin masara, suna kwance daidai inda za a tona. Su ke kaɗa murya. Gefe ɗaya, zare ɗaya a hanya. Gefe biyu… "Da wuya a taɓa shi. A cikin ɗari, ɗaya, ko ma bai kai ba. Wani lokaci murya takan dishe, ta dawo. Wani lokaci ta dawo, ana magana lafiya lau, sai dai ba ta hawa sama kamar da. Yawancin mutane ba sa ma lura."

Yawancin mutane.

Yawancin mutane murya ɗaya gare su, kuma a ƙasa take, ta sayen gishiri ce da amsa sallama. Ni fa? Ke kuwa a sama kike zaune. Can ƙololuwa, inda nake ɗage haɓa in matse, in bar iska kaɗan ta bi ta hanci. Ko mura na yi ba na kai wa gare ki.

Ɗaya cikin ɗari. Na jera su, mata ɗari a gidan biki, kowacce da mayafinta. A ce ɗaya ta tashi. Tun ina yarinya in aka ce wata ta tashi, ni ake nunawa.

An kawo musu fura. Ina jin ludayi. Matar Yaya ce ta kai bakin zaure, ta dawo ta wuce ni, ciki a gaba, ba ta dube ni ba. Ba ƙiyayya ba ce. Ni ma da ni ce ita ba zan dube ni ba. Fadamar nan ita ce tuwonta, ita ce ragon sunan abin da ke cikinta. Albasar bana ai ta riga ta tafi — wadda Baba ya jera a rudu, gadon karan nan, ya lulluɓe da ciyawa, yana zagayawa kullum yana tsince ruɓaɓɓu, yana jiran ta yi tsada. An sauke ta tun kasuwa na cike da albasa, aka ba da ita kamar sadaka. Wannan ta kuɗin tiyata ce. Ta wuƙa. Hoton kuma sai ƙasa. Ƙasar da albasar ke fita.

A sayar da gona don a sayi hoto. Faɗi da ƙarfi ki ji. Hoton da ba a rataye shi a bango. Hoton da zai iya fitowa ba kowa a ciki.

Yaya ya tambaye ta, ina wurin. Ya cire hular kwano ya riƙe a ƙirji kamar mai gaisuwar mutuwa. "Likita, don Allah, in ƙanwarki ta, mi za ki yi?" Ta tauna leɓe ta ciki. Wannan ma na iya shi. "In ina da hali, zan yi hoton. In sai na sayar da abin da nake ci… zan yi tunani." Ke nan. Ta miƙo mana kayanmu. A babur, duk hanya, bayan Yaya ya yi tauri kamar ƙyaure. Da muka iso ya ce wa Baba, "Ta ce in anka yi ya hi." Ya shige ɗaki. Ya faɗi gaskiya, rabin da zai iya kwana da shi.

Baba kuwa ba ya ɗaukar saƙo daga bakin Yaya. Ni yake jira. Bai je ba, yana ban-ruwa, kuma ko ya je Hausar likita wuce shi take yi, ga Turanci a tsakiya kamar tsakuwa a shinkafa. Tun farkon ciwon nan haka muke: ya tsuguna, ya ce, "Asabe, mi tac ce? Yi man ita." In tura tabarau da ba ni da shi, in yi. Abin da ya fito da muryarta, shi ne likita ta faɗa. Bai taɓa tambayar ko na rage ba.

Rannan na yi masa ita duka. Da zaren, da gashin masara, da ba ta hawa sama. Ban san wannan zai kama ba. Na ga idonsa ya tsaya a wuyana. Washegari ya aika a kira Kalilu.

Kin san dalili. Kada ki yi kamar ba ki sani ba.

Bayan an kai ki makwanci, kaji suka ƙi shiga akurki. Magariba ta yi, suna bisa katanga, suna bisa rumbu, kowa ya kira sun ƙi. Ni ban shirya ba, wallahi ban shirya ba, ina tsaye da tsaba a hannu sai na ji haɓata ta ɗaga — kut-kut-kut, kurrr, ku taho 'yan banza, ku taho — sai ga su, suna ture juna. Na juya. Baba yana alwala. Butar tana karkace a hannunsa, ruwa na zuba a ƙasa, na zuba, har ta ƙare. Na ce shi ke nan, yau zan sha faɗa, wasa da mamaci. Washegari da magariba, kaji duk sun shige, na rufe da hannuna. Ya zo ya tsaya, yana kallon wani wuri daban. "Asabe… kaji ba su shiga ba."

Sai na kira su. Suna ciki, na kira su.

Har yau. Kowace magariba. Ba mu taɓa maganar ba.

Ke ce kika ƙi waya. "Ni ba a sa ni cikin akwati da raina." Ko hoto ɗaya ba ki bari ba sai na katin zaɓe, kin ɗaure fuska kamar an taka miki shanya. Babu ke a ko'ina, Inna. Ɗinkinki ya tsufa, turarenki ya bar zannuwan. Nan kawai kika rage, bayan wannan fatar, kusa da ƙwayar shinkafar da ta haukace. Na gwada zuba ki a wayar Yaya, in ajiye saboda tsaro. Na kunna da magariba. Kaji ba su ɗaga kai ba. Baba ma bai ɗaga ba. Abin da ya fito Asabe ce tana kwaikwayon uwarta, siririya, kamar sauro a kwalba.

Shi Baba ba wuyana yake saye ba… a'a, astagfirullah, wuyana yake saye. Duka biyun. Ta ina zan raba masa, ni da ban iya raba wa kaina ba?

Ehem. Ehhhem. Ga ta nan. Ya faɗa. "Wato Malam, game da 'yar hwadamar nan…" 'Yar. Yanzu ta zama 'yar. Ɗazu ƙusa take tsirarwa.

Ƙuguna. Bari in juya. A hankali, Asabe, a hankali, ke kwano ce mai tsagu. Hanyar Ibadan fa? Kwana a mota, da waɗannan ƙasusuwan? Ko Maiyama ban iya zuwa gaisuwar Iya ta shekara ba. Sai an kai ni a tire kamar ƙwai. Kuma duk ranar da ake jiran jirgi, ita tana can tana cewa ƙara, ƙara, ba ta san ana jira ba. In je neman ɗakin ɓarawo, in dawo ya kwashe gidan.

In an sayar, ta haska — na tsira da zare ɗaya, ɗayan dai yana hanya, kuma likita ta ce in ta shiga ta ga ba haka ba, sai ta buɗe ɗaya gefen. In an sayar, ta ƙi haskawa — ba fadama, ba hoto, gefe biyu. In ba a sayar ba — gefe biyu, da fadama. Casa'in da tara ina nan lafiya, ina kiran kaji. Ɗaya…

Lissafin ai a fili yake. Ko ɗan Gwaggo mai bin awaki zai yi shi. To me ya sa hannuna ya ƙi barin wuyana?

Tsoro nake ji. Shi ke nan. Tsoro.

Na faɗa sau ɗaya, da bakina. Shekaranjiya, Gwaggo ta zo dubiya, na ce, Gwaggo tsoro nake ji. Ta karkata kai tana murmushi, tana laluben wanda nake yi. "Tsaya, kar ki hwaɗi, in gane da kaina… ɗiyar Sagir ta, ko? Mai kukan allura?" Na ce ita ce. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce ciwo bai taɓa bakin ba, alhamdulillahi.

Yaya tawa muryar take ma? In na cire ladan, na cire mai kifi, na cire Iya, na cire likita, na cire ke… me zai rage a tukunyar? Wataƙila in zaren ya tsinke sai a ji ta. Dusasshiya, a ƙasa. Wataƙila ita ce Asabe. Ban san ta ba. Ba na son in san ta.

Sun yi shiru.

Tabarma ta motsa a zaure. Takun Baba — dama ya fi nauyi, tun da jaki ya take shi. Yana zuwa. Ya sunkuyo ta ƙofa, ya tsaya rana ta dake shi, ya ga inuwa ta bar ni. Ya ja tabarmar da ni a kai, a hankali, kamar mai jan shanyar barkono. Ya tsuguna. Warin albasa da ƙasa, ba ya barin rigarsa ko an wanke. Gemunsa ya yi fari da yawa, yaushe?

"Asabe. Kalilu ya taya. Kahin in sallama… ƙara yi man likita. Sau guda. In ji da kunnena."

To.

Ga hannuna ya tashi, bayan hannu, zuwa tabarau. Ga ta nan ta hau harshena, tana jira. Biyu gare ta, duka nata ne, ba ƙarya ko ɗaya. In ina da hali zan yi hoton. Na yi, zan iya. Wanda na ɗauka, shi ne. In ɗauki na farko, ya tashi ya je ya sallama, matar Yaya ta haihu a gidan da ba gona. In ɗauki na biyu, ya ce ai rannan kin ce zare, ya tashi ya je ya sallama. Ya riga ya gama. Likita ba za ta tsayar da shi ba. Ni ma… Baba, kar ka sayar — da wace murya? Sai ya shafa kaina ya ce yarinya ba ta san komai ba. Ko ya yi murmushi ya ce wa kika yi.

Mutum ɗaya ce ta taɓa tsayar da shi.

A'a. A'a, Asabe.

Ɗakin can. Kina kwance, ciki ya kumbura, ƙafa ta kumbura, an ce a kai ki Sakkwato. Wannan Kalilun dai, a wannan zauren dai, da wannan ehem ɗin. Baba ya shigo ya tsuguna, kamar haka, kamar yanzu. Kika ɗaga yatsa ɗaya. Ina bakin ƙofa da kwanon kunu, na ji, na ajiye, ni komai ajiyewa nake yi, ban san yadda ake zubarwa ba —

Haɓata tana ɗagawa. Ba ni nake ɗaga ta ba. Iska ta bi ta hanci.

"Malam. A sha hura ba nono, amma kar a taɓa hwadama."

…

Ko kaji sun tsaya.

Bai kalle ni ba. Bayana yake kallo, ƙofar ɗakin can. Leɓensa yana motsi, ba sauti. Fuskar ta zama toka, irin ta talabijin ɗin mai hoto. Ya dafa gwiwa. Sau ɗaya bai tashi ba, sai a na biyu. Dama, hagu, dama. Ya sunkuya ya shige zaure.

"Albarka, Alhaji."

"Haba Malam, in ƙarawa ta ai sai mu —"

"Albarka."

Ehem. Ehhhem. Takalmi. Babur ya tashi, ya yi nisa, ya shiga hayaniyar masu zuwa kasuwa.

Shi ke nan. Fadama na nan. Gefe biyu. Matar Yaya ta leƙo daga madafa, ta dube ni yanzu, ta yi saurin komawa. Ya kamata in ji sanyi. Lissafin daidai ne, ko ba daidai ba ne? Kin ga na yi ki da kyau. Ban taɓa yin ki da kyau haka ba, har ɗan karyewar nan ta ƙarshe, a kan dama…

Keken ɗinkinki.

Me ya kawo shi yanzu? Baƙi, mai zanen zinariya, na gadonki, wanda ko taɓawa ba ma yi. Ina 'yar ƙarama, ƙyanda ta rufe ni, ido ya manne. Ban gani ba, ji na yi — ana jan ƙarfe a ƙasa, kina haki, kina cewa ku ɗauka, ku ɗauka, ko nawa anka ba ku ku amsa, ku kawo mota. Ba ki jira Baba ya dawo daga gona ba. Da 'yan kunnenki. Da tasoshin jerenki. Da safe ɗaya.

Don kanki kika faɗi waccan maganar. Don kanki kaɗai. Da ni ce a kwance, ke a tsaye…

Sayar, Malam. Mi kaka jira? Sayar.

Ita ma ina da ita. Ga ta nan, ta hau, daidai da muryarki, ta fi waccan ma kama da ke. Baba yana zaure, shi kaɗai, taku kaɗan ne. In na ɗaga haɓa zai ji. Sai ya bi Kalilu da gudu, da ƙafarsa mai nauyi. Sai ya gane cewa duka biyun ni ce. Da na yanzu, da na magariba. Duk magaribar nan… ni ce.

Na ɗauko ki na sa a bakin wuƙa, da bakinki. Shi kuma na maimaita masa ranar da ya fi tsana, ya sake yin biyayya.

Dama. Hagu. Ina latsawa, ba na jin komai, fata ce kawai da jijiya tana bugawa. Wane ɗaki kike, 'yar shinkafa? Wane ɗaki Inna take, kada su taka ta?

Inuwar ta sake zamewa. Ƙishirwa. Kofin yana can, nesa da hannu.

Kaji suna kallona, sun karkata kai kamar Gwaggo. Rana tsaka ce, ba lokacin shigarsu ba ne. Bari dai in kira su… tun da sauran…

Kut. Kut-kut —